Abin da Ke Zuwa Bayan Uku

Litinin 3 ga Yuni, da hantsi

Akwatin ya iso. Faifai shida ne da littafin hotuna. A jikinsa an rubuta da ruwan zinare: OKOGE, SHEKARA ARBA'IN. A ƙasa kuma: “Cikakken sauti. Ba abin da ya salwanta.”

Ruwan zinare, don rashin kunya. Mu da muka sa wa kanmu suna Okoge, wato ƙanzo, saboda shi kaɗai muke tararwa a tukunyar uwar Tatsu idan mun gama atisaye a bayan shagonta. Tatsu ke waƙa, ko in ce ihu. Ni ke riƙe da bes, gitar nan mai kaurin murya. Kuni, mijina, yana bayanmu a kan ganguna. Babu ɗakin kiɗa na ƙarƙashin ƙasa a unguwar Koenji da ba a kore mu daga cikinsa ba, yau ga mu cikin akwati kamar alawar biki.

Tatsu ya haɗo da kati: “Michi-chan, ga mu nan duka.” Duka, in ji shi.

Na ajiye akwatin kusa da hoton marigayi Kuni, na kunna turare, na tafi shagon gugar da nake aiki. Ban buɗe ba.

Talata 4 ga Yuni, da yamma

Ruwa tun safe. Ban buɗe ba.

Alhamis 6 ga Yuni, da sassafe

Bari in rubuta abin da nake so, tunda ba mai karantawa.

Kafin kowace waƙa mai ganga ne ke ƙirga. Ichi, ni, san, shi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai a faɗa ciki. Amma Kuni bai taɓa kaiwa huɗu ba. Kakarsa ce ta rene shi, ita kuma ba a faɗin “shi”, wato huɗu, a gidanta, tunda a yarenmu lafazinsa ɗaya da mutuwa. Ɗan kiɗan punk mai askin bushiya, mai fasa kwalba a goshi, yana tsoron lamba. To sai ya riƙa buga sanda sau uku, ichi, ni, san, a gurbin na huɗu ya kwarma sunana. Michi! Kowace waƙa, kowane dandali. A gida bai iya kiran sunana ba, “ke” ce kawai, amma a gaban mutum ɗari biyu masu zufa yana kira har jijiyar wuyansa ta fito.

Wannan na gaya wa mutane a zaman makoki. Na tsaya da baƙin kimono na aro na faɗa, mata suka yi ta sharɓe. Tatsu kuwa ƙasan kofin giyarsa yake kallo. Na ɗauka kuka yake ɓoyewa.

Ba ni da muryarsa a ko'ina. Ba ya barin saƙo a waya, tsofaffin kaset ɗinmu kuma danshi ya cinye su shekarar da ruwa ya shiga gida. Limamin haikali ya ce ranar Lahadi ta ƙarshen wata ce cikar kwana arba'in da tara, daga nan ruhin Kuni zai haye lahira, ya daina kewaya gida. Ina so in ji ya kira ni sau ɗaya kafin nan, shi ke nan. Yana cikin akwatin can, ni kuma ina tsoron akwati.

Juma'a 7 ga Yuni, da rana tsaka

Na buɗe. Na saka faifan farko, na maƙala abin kunnen Kuni, wanda har yanzu warin man kansa ke jiki. Na rufe ido ina jiran sanda.

Gita ce ta fara. Ba sanda, ba ƙirga. Na ce wataƙila ta farko ce kawai. Na tsallaka ta biyu. Ta uku. Na canza faifai. Shi ma haka.

Sun yanke shi.

Asabar 8 ga Yuni, da yamma

Na saurari faifai shidan daga farko har ƙarshe, don kada in yi wa kowa ƙazafi.

Sautin fes, ban musa ba. Ina jin Tatsu yana haɗiyar yawu. Ina jin yatsana yana gogar igiya, har kuskuren da na yi a waƙar jirgin ƙarshe ina shekara ashirin da biyu yana nan zaune yana jirana. Akwai wani a cikin 'yan kallo da ya yi atishawa a shekarar da aka haifi 'yarmu Sae, sun adana masa atishawarsa. Ba abin da ya salwanta. Mutum ɗaya ne kawai ya buɗe baki a farkon kowace waƙa, shi suka ga ya zama datti.

An kankare tukunyar har tana ƙyalli. Ban san abin da ya rage a ci ba.

Lahadi 9 ga Yuni, da hantsi

Na kira Tatsu. Ya ɗauka da muryar nan tasa ta masu hira da 'yan jarida.

“Michi-chan! Kin ji? Kamar muna cikin ɗakin, ko?”

Na ce, “Ina Kuni?”

“Gangunansa ai sun fi komai fitowa. Kin ji yadda ƙafarsa...”

“Kai, Tatsu, kada ka mai da ni 'yar kallo. Ina ƙirgar?”

Ina jin talabijin a bayansa.

“Haka ake yi yanzu,” ya ce. “Mutane a waya suke ji, ba sa son jira. Kamfani ne.”

“Kamfani ya bar atishawa ya cire mijina?”

“Kina cin abinci kuwa?”

“Ba abin da na tambaye ka ke nan ba, tsohon banza.”

“Za mu yi magana ranar Asabar a wurin taro. Ki zo, don girman zumunci.”

Na kashe. Shekara arba'in na san shi, in zai yi ƙarya sai ya tambayi lafiyarka.

Talata 11 ga Yuni, da almuru

Na sake auna shinkafa ta mutum biyu. Sai da ta dahu na lura.

Wannan ne lokacinsa. Ya dawo daga ɗora kaya a mota, ya tuɓe takalmi, ya ce, “Meshi.” Shinkafa ke nan, abinci ke nan, kawo ke nan, duk a kalma ɗaya. Can ya ce, “Wanka.” Can ya ce, “Barci.” Kalma uku ya yi aure da su. Ƙawayena suna cewa yaya kike zama da dutse, ni kuma ina yi musu dariya a ciki, don na san abin da ba su sani ba. Na san abin da yake faɗa bayan uku.

Na zuba masa a ƙaramar tasa gaban hoton. Sauran na sa a firiji tare da na jiya.

Alhamis 13 ga Yuni, da rana

Sae ta kira daga Sendai a lokacin hutunta na ofis. Ta ce ta samo wani tsohon wasanmu da wani ya ɗauka da ƙaramar rakoda ya ɗora a intanet.

“Mama, saurara, akwai Baba a farko.”

Ta kara wayar a bakin lasifika. Kamar ana suyar kifi a cikin ruwan sama. Can ƙasa wani abu ya ce ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai “...i!” Zai iya zama shi, zai iya zama ƙyauren banɗaki.

“Kin ji shi?”

Na ce na ji. Ta ji daɗi. Ta ce in daina kwana a falo, in koma ɗaki. Na ce to. Ta ce ko ta zo ta taya ni wanke bahon da ya cika a ciki. Na ce aikinta zai fara, ta tafi.

A gidan wanka na unguwa nake wanka yanzu. Ya fi faɗi, shi ke nan dalili.

Asabar 15 ga Yuni, da yamma

Taron sauraron faifan. Ba a ɗakin ƙarƙashin ƙasa aka yi ba, a bene na uku ne, shagon masu sayar da lasifikokin da suka fi motar Kuni tsada. An ce a tuɓe takalmi. An jera kujeru. Tsofaffi masu furfura da rigunan fata sababbi suka zauna suka rufe ido suna gyaɗa kai a hankali, ana kaɗa musu waƙar da muka rubuta don zagin mai gidan haya. Wani ya yi tari, na kusa da shi ya harare shi. A da tofa mana yawu suke yi, mu tofa musu.

Wani mai gilashi ya zo ya rusuna ya ce, “Michie-san, a wannan faifan ana jin iskar ɗakin.”

Na ce, “Ɗakin warin fitsari yake, kana jin shi ma?”

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Tatsu ya tashi ya yi jawabi. Ya rina gashi baƙi wuluk. Ya kira Kuni da cikakken sunansa, ya ce Kuniaki shi ne zuciyar Okoge. Na miƙe na ce, “To don me ka toshe masa baki?” Ɗakin ya yi tsit, irin tsit ɗin da suke biyan kuɗi su samu. Tatsu ya jawo ni bakin matakala.

“Michi, ki bar maganar nan. Ina roƙonki.”

“Kai ka sa aka yanke?”

“Ni ne.”

“Saboda muryarka ta zama ta farko a kowace waƙa? Har yanzu? Mutumin ko sanyi ƙasusuwansa ba su yi ba.”

Fuskarsa ta yi ja. Ya ce, “E, haka ne. Ki ɗauka haka ne.” Ya koma ciki.

Ina saka takalmi wata mata mai gajeren gashi, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, ta miƙo mini katinta da hannu biyu. Horiuchi, ita ta gyara sautin. Na karɓa, ban gode mata ba.

Litinin 17 ga Yuni, da safe

Litinin kuma, ranar da ya tafi.

Laraba 19 ga Yuni, da hantsi

Na kira Horiuchi-san. Ta ce tsofaffin kaset ɗin asali sun manne da juna, sai da aka gasa su a hankali kamar burodi kafin su yarda a juya su sau ɗaya. Bayan nan suka marmashe. Na zauna a ƙasa, wayar a kunnena.

Sai ta ce, “Amma abin da aka kwafa yana cikin kwamfuta ɗanye, ban goge komai ba. Yankewa kawai na yi.”

“To ki ba ni.”

“Tatsuhiko-san ya ce kada in ba kowa. Ya ce musamman ke.”

Musamman ni.

“Horiuchi-san, kina da miji?”

“Na taɓa yi.”

“To ni ba faifai nake nema ba. Daƙiƙa biyu nake nema.”

Ta ce za ta yi tunani. Na san irin wannan tunanin, a ƙasar nan sunansa a'a.

Juma'a 21 ga Yuni, da yamma

Na ƙona rigar wani a shago. Mai shagon ta ce in je in huta, da muryar da ake yi wa mara lafiya magana.

Tatsu tun muna yara haka yake. Hotonsa a gaba, sunansa a sama. Da muka je Nagoya a motar haya shi ya kwana a kujera, mu a kan akwatunan ganguna. Kuni bai taɓa cewa uffan ba. Abu ɗaya tak Kuni ya mallaka a wannan ƙungiya wanda ba duka ba ne da sanda, kuma nawa ne, ba na Tatsu ba. Ina fatan rinin ya zubar masa da gashi.

Ba abin da ya salwanta. Na juya akwatin ya kalli bango.

Lahadi 23 ga Yuni, da rana

Saura mako ɗaya. Firiji ya cika da shinkafa.

Litinin 24 ga Yuni, da yamma

Horiuchi-san ta kira. Ta ce gobe da rana Tatsu ba ya nan. Ta ce, “Haƙƙinki ne ki ji. Amma ni ba na cikin ɗakin.” Ban gane ba, ban kuma tambaya ba. Na wanke kaina, na ɗauko rigar da na sa a wasanmu na ƙarshe. Kamar wata yarinya.

Talata 25 ga Yuni, da la'asar

Na je.

Ɗaki ne mara taga, bangonsa kamar katifa. Ta zaunar da ni a tsakiya, ta ce ta haɗa dukan guntayen da ta yanke a jere, ta nuna mini abin da zan danna, ta fita ta ja ƙofa.

Na danna. Numfashinsa na fara ji. Yana jan hanci kamar yadda yake yi. Kujerarsa ta yi ƙara. Yana nan, a bayana ta hagu, daidai inda yake zama, har na waiwaya. Sanda ta bugi sanda. Ichi. Ni. San.

“Meshi!”

Na ce kunnena ne. Shekara arba'in a gaban lasifika, kunnen hagu ya daɗe da yin ritaya. Na juya na dama. Na gaba ya zo, yana ɗan shekara ashirin da biyar. Ichi, ni, san, meshi. Na gaba, muryar ta fara kauri. Meshi. Ba waƙa a tsakani, ba hayaniyar da zan ɓuya a ciki. Kowane harafi a wanke, ina jin leɓensa yana rabuwa a kan “me”, ina jin iska tana bin haƙorinsa da ya karye a kan “shi”. Ya tsufa a kunnena daga farko har ƙarshe yana kiran abinci.

Na saurara har ya ƙare. Ko sau ɗaya bai ce Michi ba.

Da na fito Horiuchi-san ta miƙo mini shayi da wani ɗan faifai mara rubutu. Ta rusuna ƙasa sosai. Na ce, “Aikinki yana da kyau.” Gaskiya na faɗa, shi ya sa nake jin haushinta.

Laraba 26 ga Yuni, da rana tsaka

Ban je shago ba. Ban kunna turare ba. Ya ji da kansa.

Alhamis 27 ga Yuni, da yamma

Tatsu ya zo, jiƙe sharkaf, da ledar lemo. Ya durƙusa gaban hoton ya daɗe, sannan ya juyo.

Na ce, “Wa da wa suka sani?”

“Kowa.”

“Har 'yan kallo?”

“Na gaba-gaba. Ai tare suke faɗa da shi.” Ya share fuska. “Wasa ne, Michi. San, shi. San, me-shi. Ya ɓoye huɗun a cikin shinkafa don kada kakarsa ta ji. Kuma kullum da yunwa muke hawa dandali.”

“Na tsaya da kimono na faɗa a gaban mutane.”

“Na sani. Ina wurin. Washegari na kira Horiuchi.”

“Ka bar ni na zage ka a gaban masu rigunan fata.”

“Kin saba. Da ba ki zage ni ba ma da na damu.”

Na jefe shi da lemo ɗaya, ya cafe. Na tambayi abin da ya rage.

“Shi fa? Ya san abin da nake ji?”

Tatsu ya yi ta juya lemon. Ya ce farkon shigata ƙungiya kullum ina makara da rabin bugu, har suna shawarar sallamata. Rannan na shiga daidai, fuskata tana walƙiya, na ce wa Kuni na ji ka. Daga ranar ban sake makara ba.

“To don bugu ya bar ni.”

“Da farko. Bayan an haifi Sae na ce masa, kai Kuni, ba za ka gaya wa matarka ba? Meshi kake cewa, Michi take ji. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, ‘Ai duk ɗaya ne.’”

“Me yake nufi?”

“Oho. Kuni ne fa. Kalma huɗu ya yi, na ɗauka ya gaji.”

Ya tafi. Bai tambaye ni ko ina cin abinci ba.

Juma'a 28 ga Yuni, da hantsi

Duk ɗaya ne. Na juya ta ta nan, mai kawo abinci ce ni, tukunya mai ƙafa. Na juya ta ta can, ni ce abin da yake yunwarsa. Ɗan iskan ya tafi ya bar ni da magana mai fuska biyu, kuma babu na'urar da za ta wanke wannan.

Na zubar da shinkafar firiji duka.

Asabar 29 ga Yuni, da yamma

Sae ta iso. Ta ce, “Mama, gobe bayan addu'a ki sake ba da labarin nan na sunanki, dangin Baba ba su ji ba.” Na ce maƙogwarona yana ciwo. Ta wanke baho ba tare da ta tambaye ni ba. Na ji ruwan yana zuba, na fita sayen turare, alhali akwai.

Lahadi 30 ga Yuni, da sassafe

Liman zai zo da hantsi. Sae tana barci.

Ban taɓa tukunyar lantarki ba. Na ɗauko tsohuwar ta ƙarfe, na ɗora a wuta, na bar ta da gangan har wari ya tashi. Na kankare ƙanzon, na tara masa a tasa, na ajiye gaban hoton. Na kunna turare. Na ce masa, “Ga shi nan. Shekara arba'in kana kira, ci ka tafi.”

Sai na saka faifan nan mara rubutu, don in ji shi sau ɗaya in karya. Na zauna na naɗe hannu, na ɗaure fuska, na sha alwashin ba zai ga komai daga gare ni ba. Ya ja hanci. Kujera ta yi ƙara. Ichi, ni, san.

“Meshi!”

Na ji shi sarai, kowane harafi. Bakina ne bai jira ni ba.

“Na'am,” na ce. Kuma daidai kan bugu na shiga.